Iyakar Diyya Daban, Iyakar Wuta Daban

In ka zauna da manoman kudancin Kano waɗanda bututun gas ya ratsa gonakinsu, ka ɗauko zancen aikin, hirar ba ta wuce diyya. Nawa aka yi wa ɗorawa kuɗi, nawa aka ba wane a kan mangwaro uku, wa ya shiga takarda, wa aka tsallake sunansa. An share layi, an haƙa rami, an binne ƙarfe, an mai da ƙasa, damina ta bi ta kai har ciyawa ta rufe tabon. A wurin yawancin mutane magana ta ƙare ke nan. Ni kuwa a ganina ranar da aka rufe ramin nan maganar ta fara. Diyya sau ɗaya ake karɓarta a cinye, amma maƙwabtaka da bututu abu ne na shekara arba'in ko hamsin, 'ya'ya da jikoki za su gaje ta haɗe da gonar.

Bututun da nake nufi shi ne wanda ake kira AKK, mai tasowa daga Ajaokuta a jihar Kogi, ya bi ta Abuja da Kaduna ya ƙare a Kano, a wajen Tamburawa cikin ƙaramar hukumar Dawakin Kudu. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, wato mita guda da ɗan kai, an kuma ƙiyasta kuɗinsa a kan dala biliyan 2.8. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yuni 2020 da alkawarin shekara biyu. An sha ɗage ranar gamawa, sai a tsakiyar 2025 kamfanin NNPC ya sanar cewa an tsallaka da bututun ta ƙarƙashin kogin Neja, wanda shi ne gaɓar da ta fi riƙe aikin. Ba na cikin masu adawa da shi. Duk wanda ya san yadda masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai suka mutu ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da tsadar dizal ba zai ƙi gas ya iso Kano ba. Kuma in aka auna da tankokin da ke kifewa a titunanmu, bututu ya fi su aminci nesa ba kusa ba. Sai dai wanda gidansa ke taku ɗari biyu daga layin ba ruwansa da wannan awo na ƙasa baki ɗaya. Shi tambayarsa guda ce: in abin ya faru a nan, ina wutar za ta tsaya?

Kafin a amsa sai an raba gas ɗin nan da abubuwa biyu da muka saba da su, domin sabon da muka yi da su shi zai yaudare mu. Na farko tukunyar gas ta girki. Abin da ke cikinta ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, kuma warin nan da uwargida ke ji ta ce gas na yoyo ba nasa ba ne, sinadari ne ake zuba masa da gangan don hanci ya kama. Na cikin bututu kuwa iskar da ake kira mitan ce, ta fi iska sauƙi, sama take yi, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma a manyan bututun da ke ratsa karkara ba lalle ne a sa mata sinadarin warin ba. Na biyu bututun fetur, irin wanda ya taso daga Kaduna zuwa defo na Hotoro. Shi in ya huje ruwa ne ke malala, ana gani, ana jin wari, har masu ƙarar kwana su zo da jarka. Haka aka yi a Jesse ta jihar Delta a watan Oktoba 1998, aka rasa rayuka sama da dubu. Bututun gas ba abin da za a ɗiba a cikinsa. Abin da ke ciki ƙarfi ne a ɗaure.

Ga yadda za a gane ƙarfin. Mai faci in yana ba tayar ƙaramar mota iska, gejinsa kan tsaya tsakanin 30 da 35. A wannan gejin dai, manyan bututun gas kan yi aiki a wajen 1,000, wasu su haura. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tayar tirela ranar da ta fashe ya san ƙarar, to ita ma ba ta wuce ɗari da 'yan kai ba. Idan irin wannan bututu ya tsage gaba ɗaya, ƙasar da ke kansa tashi take yi, ya bar rami kamar kududdufi, ya yi jifa da gutsattsarin ƙarfe da duwatsu, kuma sau da yawa tartsatsin wannan karon shi ke kunna wutar tun kafin ta tarar da murhun kowa. Daga nan sai harshen wuta ya miƙe sama, ya fi kowace rimi tsawo ninki-ba-ninki, da ƙugi irin na jirgin sama mai tashi. Abin da ke kashe mutane a nesa ba harshen ba ne, hucin ne. Shi ke ƙona fata ba tare da wuta ta taɓa mutum ba, shi ke kama danni da jinka da tarin kara da rumbu. Gidan karkara da kaka, in ka dube shi da idon mai kashe gobara, makamashi ne a jere.

Injiniyoyi a Amurka suna da lissafin da suke auna wannan da'ira da shi, hukumarsu ma ta sa shi cikin ƙa'ida. Abu biyu kawai ake dubawa, faɗin bututun da ƙarfin matsin da ke ciki. Idan aka ɗauki bututu mai inci 40, a ce matsin 1,000 ne, lissafin zai ba da ƙafa 870 da 'yan kai, wato kimanin mita 265 ta kowane gefe. In matsin ya kai 1,440, da'irar ta doshi mita 320. Kuma an gina lissafin ne bisa zaton cewa wanda abin ya rutsa da shi zai tsere ko ya samu mafaka cikin daƙiƙa 30. Saurayi mai ƙafa zai iya. Tsohuwa da ke ɗaki, ko mai jego da goyo da na yaye, a yi musu lissafi daban.

Yanzu a ajiye wannan mita 265 a gefe, a ɗauko dokarmu. Dokar bututun mai ta 1956, wadda aka yi tun Turawa na nan kuma har yau ba a jingine ta gaba ɗaya ba, ta ba mai lasisi damar riƙe zirin ƙasa da faɗinsa bai wuce ƙafa 200 ba, sai in lasisin ya faɗi wani faɗin daban. Ta kuma ba gwamnati ikon hana gini ko haƙa a tazarar da ba ta wuce ƙafa 100 ba daga iyakar zirin. A haɗa duka, a yi wa dokar kyakkyawan zato, abin bai wuce mita 61 daga tsakiyar bututu ba. Wato akwai mutanen da ke zaune a mita 100, a mita 150, a mita 250, waɗanda ba a taɓa gonarsu ba, ba su shiga takardar diyya ba, ba wanda ya kira su taro, amma suna cikin da'irar wuta tsundum. A takarda ba su da alaƙa da aikin. Wannan zirin da aka share ba don a kare ƙauye daga bututu aka yi shi ba. An yi shi ne don a kare bututu daga ƙauye, kada saiwar bishiya ta naɗe shi, kada a yi gini a kansa, motar ma'aikata ta samu hanya. Abu ne mai amfani, amma kada a ɗauke shi a matsayin abin da ba shi ba.

A watan Agusta 2000, kusa da garin Carlsbad a jihar New Mexico ta Amurka, mutum 12 'yan dangi ɗaya sun yi zango a bakin kogi. Da asuba bututu mai inci 30 ya fashe saboda tsatsar da ta cinye shi ta ciki. Suna nesa da wurin da sama da mita 200. Ba wanda ya rayu a cikinsu. Bututun nan bai kai namu faɗi ba.

To in ba a hana mutane zama kusa ba, da me ƙa'ida ke kare su? Da kaurin ƙarfe. Ƙa'idar injiniyoyin Amurka mai lamba B31.8, wadda ƙasashe da yawa ke bi har da Najeriya, ta kasa ƙasar da bututu zai ratsa gida huɗu. Ana ɗaukar tsawon mil ɗaya na layin, wato kilomita 1.6, da mita 200 ta kowane gefe, a ƙirga gine-ginen da mutane ke zaune a ciki. In ba su wuce 10 ba, aji na ɗaya ke nan, yawanci akan matsa wa ƙarfen har kashi 72 cikin 100 na abin da zai iya ɗauka. Daga 11 zuwa 45 aji na biyu, kashi 60. Daga 46 zuwa sama aji na uku, kashi 50. Inda benaye masu hawa huɗu suka yawaita aji na huɗu, kashi 40. A aikace, bututun da ya ratsa aji na uku ya fi na aji na ɗaya kauri da wajen kashi 44 cikin 100, in ƙarfen da matsin iri ɗaya ne. Haka bawul-bawul ɗin da ake datse gas da su: a aji na ɗaya tazararsu kan kai kilomita 32, a aji na uku ba ta wuce 16 ba.

Ma'anar wannan a fili take, kuma masu ƙa'idar ba su ɓoye ba: inda mutane suka yi kaɗan, kariya ma kaɗan ce. Haɗarin da ke kan mutum ɗaya a ƙauye ya fi na ɗan birni, an dai yarda da hakan ne saboda in abin ya faru gawarwakin ba za su yi yawa ba. A Amurka kanta mazauna karkara sun daɗe suna kuka da wannan. A Disamba 2012 wani bututu ya fashe a Sissonville ta jihar West Virginia ya cinye gidaje uku, bincike ya gano tsatsa ta ci bayansa, kuma rabon da a duba lafiyarsa tun 1988, domin wurin bai cika sharaɗin yawan jama'ar da ke wajabta dubawar ba.

Nan ne na fi so a tsaya, domin ƙa'idar da aka ɗinka wa manomin Amurka ba ta zauna wa namu daidai ba. Can gini ɗaya yana nufin miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku, tsakaninsu da maƙwabci tafiyar mota. A nan mene ne gini ɗaya? Gidan gandu mai zaure guda da katanga guda, ciki kuwa sassa shida, maigida da matansa, 'ya'yansa uku da suka yi aure, ƙaninsa, tsohuwa, jikoki, mutum talatin ko arba'in. Mai ƙirga daga hoton sama zai iya rubuta shi gini ɗaya, zai iya rubuta shi goma sha biyar, kuma wannan zaɓi nasa shi zai yanke kaurin ƙarfen da ke bayan gidan. Gida tara irin wannan a takarda daji ne, aji na ɗaya, alhali mutum ɗari uku ke kwana a wurin. Sannan akwai waɗanda ƙirgar gini ba ta gani sam: tsangayar da almajirai ke kwana a rumfar kara, rugar da ke sauka bayan girbi ta tashi da bazara, kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako, filin idi, masu kwana a gonar rani suna gadin injin ban-ruwa. Gaskiya ne ƙa'idar ta ce a kula da wuraren taruwar jama'a kamar makaranta da wurin ibada. Amma sai wanda ya san ƙasar ne zai nuna wa mai awo su. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya nuna cewa karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin mafi cunkoson karkara a Afirka, kusan ba inda ba a nomawa. Kalmar karkara a nan ba ta nufin fili fetal.

Ko an yi ƙirgar daidai ranar awo, ƙasa ba ta tsayawa. Layin da aka share ya zama hanya, masu babur sun gane ta fi gajarta, daga nan sai mai shayi, sai masallaci, sai dillali ya zo da igiya. Kowa a Kano ya san awon igiya: gona ta zama filoti hamsin ba taswira, ba hukumar tsara birni, sai takardar ciniki da hannun mai unguwa da shaidu biyu. Dawakin Kudu da Kumbotso da Kura yau birni yana cin su ta gefe. Wurin da yake aji na ɗaya a 2020 zai iya zama aji na uku kafin yaron da aka haifa ranar ƙaddamarwa ya yi aure, ƙarfen da ke ƙasa kuwa yana nan yadda aka binne shi. A Amurka doka ta wajabta wa kamfani, in aji ya canja, ko ya rage matsi ko ya sake gwada bututun ko ya musanya shi da mai kauri. A Ingila hukumar kare lafiyar ma'aikata da jama'a ta shata da'ira uku a gefen irin waɗannan bututu, kuma sai an nemi shawararta kafin a ba da izinin wasu gine-gine a ciki. Mu da ba a neman izinin gini a ƙauye tun asali, wa zai ƙirga? Wanda ya manta yadda unguwanni suka rufe layin fetur a Legas ya tuna Abule Ado, Maris 2020, inda fashewa ta rushe makarantar 'yan mata ta kwana da gidaje masu yawa.

A takarda mai kula akwai shi. Dokar masana'antar man fetur da aka sa wa hannu ranar 16 ga Agusta 2021 ta rushe tsohuwar hukumar kula da albarkatun mai, DPR, ta kafa hukumomi biyu, kuma bututun jigilar gas yana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, NMDPRA, mai kula da tacewa da jigila da rarraba mai da gas. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa sai an yi nazari an baje rahoton jama'a su gani kafin a fara babban aiki. Dokar 1956 ma ta ce a buga sanarwa, wanda aikin zai cutar ya kai ƙorafi, da baki ko a rubuce. Amma dubi yadda aka raba ikon. Bututu na tarayya ne. Ƙasa, bisa dokar amfani da filaye ta 1978, tana hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe ta. Motar kwana-kwana ta jiha ce. Wanda kuwa a zahiri yake sanin an sayar da gona, an fara tona harsashi, an kawo katafila, shi ne mai unguwa da dagaci, kuma su dokokin nan ba su ɗora musu komai ba, ba su ba su komai ba. Rahoton muhalli littafi ne mai ɗaruruwan shafuka da Turancin injiniyoyi, a ajiye shi a sakatariya na 'yan makonni. A ce an baje wa jama'a.

Abubuwan da ke fasa bututu sanannu ne, kuma kowannensu yana da kamarsa a ƙasarmu. Babba shi ne haƙa. Ana binne bututu ne kamar mita ɗaya ko ɗan abin da ya fi haka. Garmar shanu da fartanya ba za su kai ba, shi ya sa ake barin noma a kai, ban da dasa bishiya. Amma haƙorin katafila zai kai, haka injin rijiyar burtsatse, haka masu yankar ƙasa don bulo, haka ɗan kwangilar hanyar karkara da ba wanda ya ba shi taswira. Mugun abin shi ne ba lalle ya fashe a ranar ba. A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam injin masu gini ya karce wani bututu mai kusan faɗin namu, aka rufe aka tafi. Bayan 'yan makonni, ranar 30 ga Yuli 2004, ya tsage, mutum 24 suka mutu, ciki har da 'yan kwana-kwanan da suka zo duba yoyon. Direban da ya ji bokitinsa ya daki ƙarfe, ya tsorata, ya mai da ƙasa ya yi shiru don kada a kama shi, shi ne mutumin da ya fi kowa haɗari a kan layin. Dokar da ta iya hukunci kawai, ba ta bar ƙofar da mutum zai zo ya ce na taɓa ba, ita ke haifar da irinsa. A Amurka lamba ɗaya ce, 811, kowa ya kira kafin ya haƙa, a zo a nuna masa inda bututu yake kyauta.

Sai ruwa. Zaizaya kan buɗe kwazazzabo a damina ɗaya, masu ɗibar yashi kan zurfafa gindin rafi har abin da aka binne ya fito ya rataye. Gobarar bututun gas da ta tashi a Putra Heights ta Malesiya ranar 1 ga Afrilu 2025, washegarin ƙaramar Sallah, ta jikkata mutum sama da ɗari, kuma binciken hukuma ya ɗora abin a kan ƙasar da ke ƙarƙashin bututun, wadda ta sassauta ta bar shi yana ɗaukar nauyin kansa. Sai tsatsa, ta ciki da ta waje. Ta waje ana kare ta da rufin da ake yi wa ƙarfen da kuma wata 'yar wutar lantarki mai rauni da ake bi da ita jikinsa dare da rana. 'Yan akwatuna da turakun da ake gani a kan layi na wannan aikin ne, kuma ranar da ɓarawon waya ko na farantin sola ya kwashe su, ba abin da zai canja a ido, tsatsa ce kawai za ta fara aikinta a ɓoye. Ta ciki kuwa ana gano ta da na'urar da ake turawa cikin bututu ta bi gas tana auna kaurin ƙarfe, wadda ma'aikata da Turanci suke kira alade, Allah ya sawwaƙe wa suna. A ƙauyen Nagaram na jihar Andhra Pradesh a Indiya, cikin Yuni 2014, gas mai laima ya cinye bututun da aka yi don busasshen gas, ya yi ta yoyo da dare, da asuba wuta ta tashi. Rahotanni sun ce mai shayi ne ya kunna murhu. Mutum sama da ashirin suka mutu.

Idan wuta ta kama, ba a kashe ta da ruwa. Hanya ɗaya ce, a datse bawul ta gaba da ta baya, a jira abin da ke tsakani ya ƙone. A lissafi na kusa-kusa, kilomita 32 na bututu mai inci 40 a matsin 1,000 yana riƙe da gas da nauyinsa ya doshi na tukunyar girki mai kilo 12.5 guda dubu ɗari. Wannan bayan an datse ke nan. A San Bruno ta jihar Kalifoniya, Satumba 2010, sai da aka yi minti 95 kafin a tsai da gas, mutum 8 suka mutu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus, a gari mai kwalta da motocin kashe gobara a kusa. Sai a 2022 Amurka ta wajabta wa sababbin manyan bututu bawul da za a iya rufewa cikin minti 30. Tambayar da ya kamata hakimi ya yi wa injiniya, ranka ya daɗe, ba ta wuce wannan ba: bawul ɗin da ke kusa da mu ina yake, da kansa yake rufewa ko daga ɗakin kula ake rufe shi, ko sai mutum ya taso daga Kano cikin dare a hanyar da damina ta cinye?

Mu kuma muna da halinmu da ya kamata a faɗa ba kunya. Abu in ya faru, wurin muke nufa. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, jama'a suka taru, wuta ta tashi, aka binne mutum sama da 150, gari guda ya zama gidan makoki. Talauci ne ya kai wasu, wasu kallo, wasu ceto. Da bututun gas ko ceton ma gudu ne. Alamominsa kaɗan ne kuma ba su da wuyar koyarwa: shuu ko ƙugi daga ƙasa, ƙura na tashi ba iska, ruwan fadama na ɓulɓulowa, shuka ta bushe a tsakiyar kore a kan layi. Wanda ya gani kada ya tada babur, kada ya kunna injin ban-ruwa ko ashana, ya bar wurin da ƙafa ya nufi inda iska ke fitowa, ya yi nisan da zai ga kamar ya yi yawa, sannan ya kira. Wannan darasin minti biyar ne. Liman zai iya faɗarsa bayan sallar Juma'a, rediyo zai iya maimaita shi, kuma dole a kai shi cikin gida, domin da hantsi maza suna gona ko kasuwa, mata da yara ne ke cikin da'irar.

Akwai wani saƙo a dokar 1956 da manomi ya kamata ya sani tun yau. Ta ce mai lasisi zai biya wanda ya yi asara saboda fashewa ko yoyon bututu, amma ta cire wanda laifin kansa ne, ta kuma cire ɓarnar da wani mugu daban ya yi da gangan. A yankin Neja Delta shekaru da yawa ana shari'a a kan wannan togaciya, kamfani ya ce zagon ƙasa ne, mutanen gari su ce tsufan ƙarfe ne, kuma wanda ke riƙe da bayanan matsi da na dubawa shi ne wanda ake ƙara. Mutumin da gidansa ya ƙone saboda ɗan ta'adda ko ɓarawo ya taɓa bututun da bai roƙa a kawo masa ba zai iya tashi a tutar babu. Layin AKK kuwa ya ratsa dazukan Neja da Kaduna da kowa ya san halin da suke ciki.

Abin da nake ganin ya fi gaggawa ba sabuwar hukuma ba ce, muna da su har sun yi yawa. A fito da da'irar wutar a taswira, ƙauye-ƙauye, a bai wa kowane dagaci tasa da Hausa, da boko da ajami, a nuna masa gidaje da makarantu da masallatan da ke ciki. Kamfani zai ce hakan zai tsorata mutane, ko ya nuna wa ɓarayi hanya. Layin dai a share yake, makaho ma zai bi shi da sanda. Dillalai za su ce farashin fili zai faɗi, kuma zai faɗi ɗin, wannan ma asara ce da ya kamata a yi maganar wanda zai ɗauke ta maimakon a ɓoye ta a sayar wa marar sani. Ba cewa nake a tashi kowa daga mita 300 ba, ƙasar Kano ba ta da wannan sararin. Amma gidan mutum ɗaya daban, makarantar Islamiyya mai yara ɗari huɗu daban, kuma jiha tana da ikon cewa kada a gina ta biyun a nan. A riƙa sake ƙirgar gidajen duk bayan 'yan shekaru, a ƙirga kawuna ba rufi ba, a kafa sakamakon a ƙofar fadar hakimi. Mai unguwar da ake so ya hana haƙa a ba shi lambar da in ya kira za a ɗauka, a ba shi ɗan abin da zai sa kati.

Turakun alama da ke kan layi su ne kawai bakin da bututun ke magana da maƙwabtansa. Mai wucewa ya tsaya ya duba na kusa da shi: da wane harshe aka rubuta, lambar wayar da ke jiki tana shiga, kuma daga turken zuwa zauren gida mafi kusa taku nawa ne.